Sunan Da Na Ƙara A Ƙasan Hoton Adda

Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda a cikin watan ne kuma rana ta yi husufi da hantsi, kaji suka fara neman akurki, mu kuma muka cika masallatai. Abubuwa da yawa na wannan shekara sun shige mini. Akwai guda ɗaya da ba zan manta ba har ranar da za a kai ni makwancina, domin da hannuna na aikata shi, da alƙalamin da nake rubuta sunan Allah da shi.

A lokacin ina zaune a Fadaman Mada, cikin Bauchi, ina karantarwa da safe, da yamma in zauna a zaure ina rubutu. Ban yi boko mai nisa ba, amma ajami kam, alhamdu lillahi, an san hannuna. Mai son wasiƙa, mai son wasiyya, mai tsohon littafin da gara ta fara ci yana so a kwafa masa, duk suna zuwa. Malamina, Allah Ya jiƙansa, abu ɗaya ya fi nanata mana: wanda ke rubuta wa wani, hannunsa aka ara, ba bakinsa ba. Abin da aka faɗa shi zai sa, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba.

Kwana kaɗan bayan husufin, wani abokina tsohon soja da ke zaune bayan barikin Shadawanka ya tsaya da tasinsa a ƙofar gidana. Saje muke ce masa. Hausarsa irin ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

"Malam, tashi ka gyara hula, na kawo maka baƙo," in ji shi. "Wannan madam yana ɗaukan hoto wa jarida. Yana neman mai rubutun Larabcin Hausa. Na ce ina da ɗaya, ba ya dariya amma hannunsa yana da kyau."

Matar da ta fito daga motar gajera ce, mai baƙin gashi, ta yafa gyale, fatarta ba ta fi ta Shuwa haske ba. Maƙwabtana har musu suka yi, wannan ya ce Ba'indiya ce, wancan ya ce Balarabiya. Da Saje ya fassara mata sai ta yi dariya, ta ce ta saba. A Amurka aka haife ta, iyayenta kuma mutanen Meziko ne. Ta ce a Amurka ana ce mata 'yar Meziko, idan ta je Meziko a ce ga Ba'amurkiya ta zo, shi ya sa tun da ta fara riƙe kyamara tambaya ɗaya take yawo da ita: kai wane ne, a bakinka? Ta ɗauki hotunan 'yan ƙodagon gona a ƙasarsu, ta ɗauki matan da 'ya'yansu suka ƙetare iyaka aka daina jin labarinsu. Yanzu ta ji ana ƙidaya a nan, tana so ta ji abin da mutane za su ce game da kansu wanda takardar gwamnati ba ta da gurbinsa.

Yadda take aiki kuwa, yau ta ɗauki mutum, ta kai a wanke hoton guda biyu da farin fili a ƙasa, gobe ta dawo mutumin ya rubuta ko shi wane ne da hannunsa. Ɗaya nasa, ɗaya nata. Wanda bai iya rubutu ba, ni zan zama hannunsa. Kafin mu fara sai da ta sa Saje ya maimaita mini sharaɗinta sau biyu: kada in ƙara, kada in rage, kada in gyara. Ta ce kakanta, ranar da ya shiga Amurka, wani akawu ya rubuta masa suna ba daidai ba, ya yi shekara hamsin yana amsa sunan da uwarsa ba ta san shi ba, har a kan kabarinsa shi aka rubuta. Na ce a faɗa mata ta kwantar da hankalinta, wannan sharaɗin tun kafin a haife ta aka koya mana shi. Har yau idan na tuna yadda na faɗi maganar nan da ƙarfin zuciya, sai in ji kunya ta rufe ni.

Mun yi kusan mako muna yawo cikin zafin bazara. Wani mahauci ya ce in rubuta shi ɗan Bauchi ne ko da takarda ta ƙi yarda. Wata matar soja ta ce a bariki aka haife ta, a bariki ta yi aure, idan aka tambaye ta jiharsu sai ta tambayi mai tambayar wacce yake so. Duk na rubuta yadda suka faɗa. Sai wata rana a cikin mota mai hoton ta ce tana son makiyayan da suka zauna a gari, Saje kuwa bai ko kalle ni ba ya ce, "Ai ga ɗansu nan a kujeran baya. Mamansa yana Tirwun."

A nan sai in tsaya in yi bayani, ko da yake mafi yawan masu karatu sun sani. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuma Bafulatana ce ta gidan da ba a wasa da kunya. Ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ma zama a tabarma ɗaya. Tun yaye aka kai ni wurin kakata, daga nan makarantar allo. Adda nake ce mata, yadda ƙannenta ke kiranta. Ita kuwa idan dole ta kama, sai ta ce "mutumin can", ko "na Fadaman Mada". Babu wanda ya ga aibu a wannan, ni ma ban taɓa gani ba, don haka aka yi wa ubana, haka aka yi wa kakana. Amma a makon ƙidayar ƙanwata ta ba ni labari tana dariya, wai da malaman ƙidaya suka tambayi Adda yawan 'ya'yan da ta haifa, cewa ta yi shida. Mu bakwai ne. Na taya ta dariyar, na koma gida, abinci ya ƙi shiga. Ina da shekara arba'in da ɗaya, da furfura a gemu, ga shi ina jin ciwon da ya kamata yaro ya ji.

Ranar farko aka ɗauki hoton lafiya, Adda na zaune a gindin tsamiya da ƙwaryarta a gefe, bayanta gine-ginen bulo da suka fara cinye makiyaya. Washegari muka koma da hotuna biyu. Na shimfiɗa buzuna nesa kaɗan, na juya gefe yadda ba za mu haɗa ido ba. Ita kuma ta fuskanci ƙanwata tana magana, kamar babu kowa a wurin sai su biyu.

"Ki ce a rubuta," in ji ta, "an haife ni a kan hanya, tsakanin ruga da ruga, ba wanda ya san sunan wurin. Na bi shanu har ƙafa ta gaji. Yanzu gari ya biyo mu har garke, ana zuba siminti inda muke ɗaure maruƙa. 'Ya'yana shida."

Sai ta jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ke bi na har auta.

A hoton da za a bar mata, na rubuta daidai yadda ta faɗa. Na ɗauki na biyu, wanda zai tafi Amurka, na tsoma alƙalami. Har yanzu ban san abin da ya shiga kaina ba, illa na tuna na ce a raina: wannan ba wanda zai karanta shi a Tirwun. Inda ta ce shida na rubuta bakwai, na sa sunana a farkon jerin. Kalma biyu ne kacal. Tawadar ba ta gama bushewa ba na ji gumi na bin bayana.

Al'adar aikin ita ce in karanta abin da na rubuta, Saje ya juya mata da Turanci, ita kuma ta sa a littafinta. Mun yi wannan a jikin mota, nesa da Adda. Ina kaiwa wurin sai Saje ya dakata.

"Malam, shida na ji fa."

"Kunnen da ya sha ƙarar bindiga shekara ashirin ne zai gyara mini ji?" na ce.

Ya yi dariya ya ce to, mai alƙalami ya fi shi. Amma tun a hanya ya riga ya yi wa mai hoton bayanin kunyar ɗan fari, don haka da ta ji sunana sai ta ɗago kai ta dube ni. Ta tambaya, da bakinta ta faɗa? Yau ne karo na farko? Ban ce e ba. Kai kawai na gyaɗa, kuma na daɗe ina yaudarar kaina cewa gyaɗa kai ba magana ba ce. Idanunta suka cika da hawaye, ta dafa ƙirjinta, ta ce ta yi shekaru tana wannan aiki ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Daga wannan rana natsuwa ta ƙaura daga zaurena. Ranar da za ta tafi na je har masaukinta da niyyar in faɗa mata, na tsaya a bakin mota ina murza carbi, ƙarshe abin da ya fito daga bakina shi ne Allah Ya kiyaye hanya. Na koma na karya alƙalamin na fere sabo, kamar laifin karan ne. Idan mutum ya zo in rubuta masa wasiƙa, sai in karanta masa sau uku, har wani tsoho ya ce, "Malam, ko ka fara mantuwa ne?" A cikin salla ma abin bai bar ni ba, ina tsakiyar tahiya sai in ga farin filin nan na ƙasan hoto.

Bayan damina mujalla ta iso ta hannun Saje. Hoton Adda ya cika shafi guda, ga rubutuna a ƙasa, kowane wasali a wurinsa. Saje ya karanta mini abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a sama, wai ranar da uwa ta fara ambaton ɗanta. A cikin wasiƙar da ta haɗo, mai hoton ta ce wannan hoto ya buɗe mata ƙofofin da ta daɗe tana ƙwanƙwasawa, manyan jaridu sun fara nemanta, ana gayyatarta ta yi magana a gaban ɗalibai, kuma duk inda ta je sai ta ba da labarinmu. Ta yi mini godiya da na riƙe amana. Saje sai murna yake, yana cewa mun zama manya. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye mujallar. Ban iya sa ta cikin littattafan addini ba, ban iya ƙona ta ba saboda akwai bisimilla a farkon rubutun. Ƙarshe na tura ta ƙarƙashin akwatin tufafi.

Shekara tara na yi ina shari'a da kaina. Wani lokaci in ce ai gaskiya na rubuta, mu bakwai ne, kowa ya sani. Har na taɓa kai tambayar gaban wani dattijon malami a cikin gari, na lulluɓe ta kamar ta wani ce. Na ce marubuci ne aka ba shi magana, ya ƙara abin da yake gaskiya amma mai maganar bai faɗa ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Gaskiya ce a kan abin da aka ƙirga, ƙarya ce a kan wanda aka ce ya faɗa. Ka gaya wa abokin naka ya gyara tun mai haƙƙin na da rai." Na ce zan gaya masa. Ban gyara ba. Kullum sai in ce bayan salla, bayan girbi, bayan na sami mai rubuta mini Turanci da zai rufa mini asiri.

Waya ce ta tona ni. Ƙanwata, wadda a lokacin ta zama ma'aikaciyar jinya, ta ci karo da hoton a wayarta, da labarin duka. Ranar wata Juma'a na je gaisuwa Tirwun, na tarar da ita tana nuna wa Adda, tana fassara mata cikin raha, don ita a zatonta Turawa ne suka ƙara gishiri. Tana ganina ta kira ni yadda ƙannena ke kirana, ta ce, "Hamma, zo ka ga yadda aka mai da ku fim." Sai ta matso da rubutun kusa, ta fara bin ajamin da yatsa, dariyar ta tsaya. Ta san hannuna.

Na durƙusa inda na saba durƙusawa, a bakin ƙofa. Adda ta gyara bakin zanenta. Da ta buɗe baki, ƙanwata ta kalla, ba ni ba.

"Ki tambayi mutumin can, ce masa aka yi na manta ne? Wanda na fara jin motsinsa a cikina, shi zan manta? Shekara hamsin ina riƙe da abu a nan," ta dafa ƙirji, "ban ba iska ba, ban ba maƙwabta ba, ko ubansa bai ji a bakina ba. Shi ya ɗauka ya kai kasuwar Turawa a yini ɗaya. Ni na yafe, tsakanina da shi ba komai. Amma baƙuwar nan ta zo da hankalinta, ta zauna a ƙasa ta sha nononmu, ya sa ta tafi tana faɗin abin da ba a yi ba. Ki ce ya mayar mata da gaskiyarta."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da mahaifiyata ta taɓa yi a kaina ina ji, kuma ko a cikinta ba ta kira sunana ba. Na fito ina kuka kamar ba malami ba. Abin da na yi sata don in samu, ashe yana nan tun fil azal, kuma ya fi wanda na rubuta nauyi.

Neman mai hoton bai zo da sauƙi ba. Adireshin da ke kan wasiƙarta ya tsufa, na aika biyu ba amsa. Saje ya koma garinsu, lambar da ya ba ni ba ta shiga. Ƙanwata ta rubuta wa wata jarida, aka yi shiru. Ana cikin haka Adda ta kwanta ciwo, damina biyu bayan maganar nan Allah Ya karɓi abarsa. Ni na yi mata salla. Na tsaya a gaban gawarta ina sane da cewa aiki ɗaya tak ta taɓa sa ni a duniya, kuma ban cika shi ba. Bayan rasuwarta abin ya ƙara tsananta, har iyalina suka fara tambaya ko wani ciwo nake ɓoyewa, don ba na iya zama wuri ɗaya.

Sai wata rana da la'asar ƙanwata ta shigo zaure da sauri, ta ce matar ta amsa saƙo, ga ta nan a waya, ana ganin fuska. Gashinta ya yi fari fat. Ta gane ni nan take, ta gaishe ni da 'yar Hausar da ta rage mata, ta tambayi Adda. Da ta ji rasuwar ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce ta yi niyyar nemana ma, don ana haɗa littafin aikinta na shekara talatin, kuma hoton Adda ne zai buɗe shi.

Na ce wa ƙanwata, "Ki fassara yadda na faɗa, kada ki tausasa." Na faɗa mata komai: shida Adda ta ce, ni na mai da shi bakwai, ni na sa sunana, ni na gyaɗa kai. Na ce mata ita ta ba ni amanar da kakanta ya rasa, ni kuma na yi mata abin da akawun nan ya yi masa.

Ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce ta tsaya a gaban mutane ba adadi ta ba da wannan labari, wasu sun yi kuka, wasu sun ce shi ya sa suka shiga aikin jarida, yanzu me za ta ce musu? Na ga ɓacin rai ƙarara a fuskarta. Ban kare kaina ba. Can sai ta tashi, ta dawo da wani hoto ta kara a jikin wayar. Adda ce, a ranar rubutun, tana lissafi da hannu: yatsu biyar na dama a lanƙwashe, da ɗaya na hagu.

"Tun a shekarar na ga wannan," in ji ta ta bakin ƙanwata. "Na kuma ji direba ya yi maka gardama. Ina da hanyar da zan bincika, ban bincika ba, saboda labarin ya yi mini daɗi kuma ina bukatarsa. Kai ka rubuta, ni na ƙi tambaya. Na daɗe ina tsoron wannan kiran."

Na ce to ta yafe mini nawa. Ta ce ta yafe, ni ma in yafe mata a madadin Adda. Na ce Adda ba ta taɓa riƙe ta da komai ba, ita ce ma ta aiko ni.

Ta ce hoton zai fito a littafin, amma da bayanin abin da ya faru, da sunanta a kan kuskurenta, ko me zai jawo mata. Ta roƙe ni in sake rubuta maganar Adda da hannuna. Sai kuma ta tambaya, da Adda ta gane, me ta ce? Ko zan yarda a sa shi a ciki? Na san da na faɗa mata, da ya fi na farko taɓa zuciya. Na ce a'a, wannan ba na littafi ba ne, ba ta faɗa don a kai ko'ina ba. Ta gyaɗa kai, ba ta sake tambaya ba. Ko yanzu da na rubuta shi a nan, sai da na nemi izinin ƙannena, kuma shi ya sa ba ku ji sunan kowa ba.

Washegari bayan sallar walha na jiƙa tawada, na zauna da farar takarda. Na rubuta haihuwa a kan hanya, na rubuta shanu da siminti, na rubuta shida, na jero ƙannena daga mai bi na har auta. Ƙanwata ta ɗauka ta aika, kafin azahar amsa ta zo cewa ya isa, kuma babu sauran komai tsakaninmu. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Abin da na koya, kuma nake faɗa wa duk wanda ya zauna gabana don koyon rubutu, shi ne idan mutum ya ara hannunka, to ya ba ka amanar maganarsa da amanar shirunsa gaba ɗaya. Inda ya tsaya, kai ma ka ɗaga alƙalami, domin ba ka san abin da yake adanawa a wurin ba. Allah Ya jiƙan Adda, Ya yafe mana abin da hannayenmu suka ƙara.